Tabaraun Lameck a Fuskar Wani

Shafi na 23

A bakin mai tumatir na fara jin maganar. Kafin in isa gida na sake jin ta a cikin kombi, motar hayarmu, ta ƙara ƙiba.

Wai tabaraun da ƙungiyarmu ta Msasa ta raba wa tsofaffi ranar Asabar na matattu ne. Wai daga fuskar gawa ake zare su. Wai wata tsohuwa a Vengere ta saka nata, tana ɗaga kai ta hango maƙwabciyarta da aka binne bara tana shanya kaya a igiya.

Na ce wa mai ba da labarin, "To ai tabarau ya yi aiki. Kafin Asabar ko 'yarta mai rai ba ta ganewa."

Babu wanda ya yi dariya. A nan na san maganar ta yi nisa.

Masu turo mini saƙo kuna tambayar ina na shige kwana biyu, ga inda na shige. Ku bar ni in faɗa a tsanake, yatsuna ba irin naku ba ne.

Ni dai kimiyya na koyar har na yi furfura, ba na karɓar zance don yawan masu faɗarsa. Zancen kasuwa ban yarda da shi ba. Amma zancen ƙungiya ma ban yarda da shi ba. Duk taron da muka yi sai an miƙe an gode wa "abokanmu na ƙasashen waje" da ke aiko mana da tabarau. Rabon da in ga ƙunshi daga waje tun ina da haƙorana duka. Abin da na sani shi ne kwalayen da muka ajiye a kantin magani da ƙofofin coci, kowanne da 'yar kafa a sama, mai tsohon tabarau ya jefa ya wuce.

Mai kwaso kwalayen kuwa Mai Gondo ce (a nan garin "Mai" laƙabin matar aure ne), saboda ita ke da mota mai baya. Motar kuma ta gidan shirya gawa ce, sana'ar da mijinta ya mutu ya bar mata. Mutanen gari sun ga kwali yana fita daga motar gawa yana shiga zauren coci. Sauran labarin su suka ƙarasa da kansu.

Ina ajiye jakar cefane waya ta yi ƙara. Tete Miriro ce, yayar marigayi mijina, kuma shugabar ƙungiya.

"Muroora, kin ji abin kunyar?"

Shekaruna sun haura saba'in, amma a wurinta har gobe muroora nake, wato matar ƙane.

"Na ji magana, Tete. Ban san ko ta kunya ba ce tukuna."

"Ke kullum sai kin auna. Ranar Alhamis da la'asar za mu zauna. Za a cire Mai Gondo."

"An tambaye ta?"

"Me za a tambaye ta? Likitan ido zai dawo wata mai zuwa, ga tattakin neman taimako a gaba. Wa zai ba mu ko sisi muna ɗauke da wannan warin? Tsofaffi sun fara dawo da tabaraun. Bokiti guda."

"In kuka kore ta, kun tabbatar wa gari tana satar gawa. Wa zai sake kai mata mamacinsa?"

"Wannan ita ta shafa."

Ta kashe wayar. Na tsaya ina kallon allon. Tete Miriro da ke sa a kafa kwamiti kafin a sauya ganyen shayi, yau ita ce ke saurin yanke hukunci.

Washegari na fita neman wanda bai mayar da nasa ba. Ina so in riƙe tabarau ɗaya a hannuna in duba, maimakon in yi ta jin wai-wai. Aka ce mini in je wurin Sekuru Matambo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana nan gindin bishiya bayan shagon niƙa inda suke buga dara da murafen kwalba.

Na same shi ya sunkuya a kan allo, abokin wasansa yana ta gumi.

"Sekuru, an ce ka ƙi mayar da namu."

"Wa zan mayar wa? Shekara da shekaru mutumin nan yana sace mini 'ya'yan dara ina ce masa na gode. Tun Asabar bai ci ni ko sau ɗaya ba."

"An ce na matattu ne."

"Ko na Fir'auna ne ya zauna ke nan. In mai shi yana so, ya zo ya karɓa da kansa."

Sai ya ɗago kai ya dube ni.

Ban san lokacin da na zauna a kan bencin ba.

Baƙin firam ne mai kauri. Hannun dama ya taɓa karyewa, an naɗe shi da jar waya ta cikin tsohon rediyo, naɗi mai kyau, irin na mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaure ƙunshi a gidan waya. Na ce ya cire in gani. Ya cire amma bai saki ba, sai na duba a hannunsa. Ƙarshen hannun hagu duk shaidar haƙori. Lameck, mijina, ba ya iya sauraron ƙwallo a rediyo sai yana tauna wannan wurin. Na yi masa faɗa a kai har na gaji.

"Mai Chirume, lafiya? Kin yi fari."

"Lafiya. Rana ce."

Ba rana ba ce. Tabaraun nan da hannuna na ɗora shi a fuskar Lameck. Duk wanda ya zo ganin gawa ya gan shi da shi. Shi ya sa ranar rabon kayansa, da aka yayyafa wa tufafinsa ruwan magani aka miƙa wa kowa nasa, babu wanda ya tambayi ina tabarau. Kowa ya san yana ƙarƙashin ƙasa.

Ga shi yana cin dara a bayan shagon niƙa.

Ashe masu tumatir sun fi ni gaskiya.

Safiyar Alhamis na tafi wurin Mai Gondo, da fushina a shirye. Na same ta ita kaɗai tana kakkaɓe ƙurar furannin roba. Ɗakin sanyi a buɗe, babu kowa a ciki. Jiya wasu dangi suka zo suka ɗauke tsohonsu suka kai Mutare.

"Mai Chirume, shigo. In ɗora shayi?"

"Bar shayi. Wa ya rufe akwatin Lameck?"

Ta ajiye tsumman a hankali.

"Ni."

"Da tabarau a fuskarsa?"

Ta sake ɗaukar tsumman.

"Tambayarki nake, Mai Gondo. Jiya na gan shi a fuskar Sekuru Matambo. Kada ki ce mini irinsa ne. Na san haƙoran mijina."

"Ba zan ce irinsa ba ne."

"To ke kika cire."

"Tunda nake sana'ar nan ban taɓa cire wa mamaci ko allura ba."

"Tashi ya yi ya cire da kansa, ya taka har kantin magani ya jefa a kwali?"

Ta ja kujera ta zauna. Idonta ya faɗa, da gani ba ta barci.

"Da baban yara zai bar mini wurin nan, abu ɗaya ya ja mini kunne a kai. Abin da dangi suka yi a gaban akwati ba ya fita daga bakina. Na ga mai cusa ƙwandala a aljihun mamaci. Na ga mai yanke maɓallan riga. Na ga matar da ta sunkuya kamar za ta sumbaci mijinta, ashe zaginsa take a kunne. Ranar da na fara ba da labari, ranar na rufe."

"Ai rufewa za ki yi. Yau za su kore ki."

"Na sani."

"Kuma kin san wanda ya yi."

"Na san dai ba ni kaɗai nake tsayawa a kan akwati ba."

"Ba ni suna."

"Ba zan bayar ba. Ke malama ce. Ki tuna ranar da kanki."

Na fito ina jin haushinta fiye da lokacin da na shiga. Amma kafin in kai bakin titi ranar ta fara dawo mini.

Matan coci sun kama ni ta hannu biyu suna waƙa, suka fita da ni tsakar gida. Maza suna jira a ƙofa su ɗauka. Na ji wata murya a bayana tana cewa, "Ku ba ni wuri in yi sallama da ƙanena." Har Mai Gondo na gani ta fito ta tsaya a baranda tana jira.

Da safiyar ranar kuwa mun yi 'yar sa-in-sa da mai muryar. Ta ce a gidansu ba a saka mutum a ƙasa da gilashi a ido, zai riƙa ganin hanyar dawowa. Na ce mata Lameck ko takalminsa ba ya gani in babu tabarau, ba zan tura shi gaban Ubangiji yana lalube ba. Ta yi shiru. Na ɗauka na yi nasara. Da na san Tete Miriro da kyau, da shirun nan ne zai fi ba ni tsoro.

Na koma gindin bishiya.

"Sekuru, ara mini tabaraun zuwa yamma."

"Ki ari matata dai, wannan ba ya aruwa."

"To zo da shi a fuskarka. Akwai shayi da waina a zauren coci."

"Mai madara?"

"Mai madara."

A cikin kombi na gaya masa na wane ne. Na ga ya kamata ya sani. Ya cire, ya juya shi, ya mayar.

"Lameck na gidan waya? Mutumin kirki. Ya iya zaɓen tabarau."

Na zaunar da shi a benci a baranda, na ce kada ya shigo sai na leƙo.

Zauren ya kusa cika. Kowa da koriyar ɗamarar ƙungiya a kafaɗa, kamar ranar ɗaukar hoto. A tsakiyar teburi an ajiye bokitin tabaraun da aka dawo da su, firam a kan firam, sun sarƙe da juna. Abin da na lura da shi shi ne babu mai kallon cikinsa. Mai Sithole, ma'ajiyarmu, ta zo wucewa ta leƙa sau ɗaya, ta ɗauke kai da sauri, ta je ta ɗauko tsumman shayi ta rufe bakin bokitin.

"Ƙudaje," in ji ta, alhali babu wanda ya tambaye ta.

Ƙuda a kan gilashi. Na riƙe wannan a raina.

Na sami Tete a kicin tana yanka waina. Na tura ƙofar na jingina da ita.

"Tete, ina da magana kafin a zauna."

"In ta Mai Gondo ce, ki ajiye ta."

"Ta Lameck ce."

Wuƙar ta tsaya, sannan ta ci gaba.

"Ki bar ƙanena ya huta."

"Yana hutawa. Tabaraunsa ne ba ya hutawa, yana yawo a gari."

"To kin gani. Har gidanmu matar nan ta shiga. Ke da kike kare ta."

"Ranar jana'iza wa ya rage a ɗaki shi kaɗai da akwati a buɗe?"

"Ni na ƙirga masu shiga da fita? Ina cikin kuka."

"Ban ga hawaye a ranar ba, Tete. Na ga jaka a hammatarki."

Ta juyo gaba ɗaya. Tete Miriro doguwa ce, tsufa bai rage mata ko taƙi ba.

"Muroora, ki san da wa kike magana. Da shanun gidanmu aka kawo ki. Kin zo da takardunki na makaranta kin raina komai namu. An ce kar a yi kaza, ki ce ina hujja. An ce a yi kaza, ki ce wa ya auna. Ƙanena ya biye miki har ya mutu."

"Ban zo tone-tone ba. Ki fita ki ce an ɗage zaman. Ki ce za a bincika. Ni ba zan ce komai a gaban mutane ba."

"In ɗage saboda me?"

"Saboda matar can 'ya'yanta da wannan sana'ar suke cin tuwon sadza."

"Kina da shaida, ko wannan ma gwaji ne irin na ɗakin kimiyya?"

"Ina da ita."

Ta kalli hannuwana. Babu komai. Ta kalli jakata. Ta yi ɗan murmushi, ta ɗauki farantin waina.

"Matsa mini. Mutane suna jira."

Aka buɗe da addu'a. Aka karanta taken ƙungiya, wanda ke cewa mu ne idon marar ido, kowa ya dafa ƙirji. Mai Gondo tana can kujerar ƙarshe, an bar kujera biyu babu kowa tsakaninta da mai bi mata.

Tete ta yi jawabi mai kyau, ba zan hana ta ba. Ta tuna mana rijiyar da muka haƙa a makarantar firamare, da kekunan guragu, da yadda muka yi ta toya waina muna sayarwa a bakin hanya har muka kawo likitan ido garin nan. Ta ce sunan da aka gina da gumi ba za a bari mutum ɗaya ya zubar ba.

"Mai Gondo, kina da abin cewa?"

"Ban cire komai daga jikin kowa ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Baba Mhlanga, sakatarenmu, ya gyara murya. "To ta yaya aka yi mutane ke gane na 'yan'uwansu a ciki? Jiya wata ta zo gidana tana kuka, ta ce na kawunta ne."

Mai Gondo ta dubi mata ɗaya, ta dubi ta biyu, ta dubi ta uku. Waɗanda ta duba kuwa duk suka sami abin gyarawa a ɗamararsu.

Tete ta ce, "Masu goyon bayan a cire ta, su ɗaga hannu."

Hannuwa suka fara tashi. Na maza da sauri. Na mata a hankali, kowace tana jiran ta kusa da ita.

Na miƙe.

"Shugaba, kafin a ƙirga, akwai baƙo. Ɗaya daga cikin waɗanda muka taimaka ne, ya zo godiya."

"Ba ya cikin ajanda."

"Tsoho ne, Tete. An yi masa alkawarin shayi."

Na leƙa baranda. Sekuru Matambo ya shigo yana dogara sanda, ya cire hula, ya tafa hannu ya gaida jama'a. Ya bi ta tsakiya har gaban teburi, saboda a can farantin waina yake. Hasken taga ya sauka a kan jar wayar nan.

Tete tana tsaye da hannunta a sama. Na ga idonta ya sauka a kan wayar, ya koma kan ɗaya hannun firam ɗin. Ita ta goyi Lameck. Ta san wannan taunar tun yana yi wa fensir.

Sekuru ya dube ta ta cikin gilashin, ya yi murmushi.

"Ke ce shugaba? Allah ya saka. An ce na ƙanenki ne. Ina ganin komai da shi, har kurajen fuskar jikata."

Ana jin tukunyar shayi tana tafasa a kicin.

Na ce, "Na Lameck ne. Ni na saka masa da hannuna, rabinku kun gani. Mai Gondo ta ƙi gaya mini wanda ya cire, ko da na ce mata yau za a kore ta. Don haka ba ita nake tambaya ba."

Baba Mhlanga ya sauke hannunsa don ya rubuta, ya rasa abin da zai rubuta.

"Tete," na ce, "in a gidanku ba a binne mutum da gilashi, na ji. Ban yarda ba, amma na ji. Me ya hana ki kawo shi ranar rabon kaya, a yayyafa masa ruwa kamar sauran?"

Tete ta kau da kai.

Mai Sithole ce ta amsa, kanta a ƙasa, da wata 'yar murya kamar ba tata ba.

"Ta yaya za ta kawo? Sai ta ce ta saka hannu a akwati bayan matarsa ta hana. Kuma ba a kwana da kayan mamaci a gida in ba a raba ba."

Kowa ya juya ya kalle ta.

Na ce, "Mai Sithole, ke kuma ina kika san wannan?"

Ta kai hannu ta danne tsumman da ke bakin bokiti, kamar wani abu zai fito.

Tete Miriro ta sauke hannunta. Ta cire koriyar ɗamarar daga kafaɗa, ta ninke ta, ta ajiye a gefen bokitin. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli Sekuru ba. Kujerar ƙarshe ta kalla, inda Mai Gondo take zaune.

"Ni na cire shi. Ni na jefa a kwalin kantin magani." Ta yaye tsumman daga bakin bokitin. "Kuma ba ni kaɗai ba ce a ɗakin nan."